Kuɗin kallon namun daji: ina magidancin Damargu zai kai su?

Ranar 5 ga watan Janairu na 2025 aka rufe ƙofar Marineland, wani babban gidan wasa na garin Antibes a kudancin Faransa, inda tun 1970 jama'a ke biyan kuɗi su kalli dolfin. Dolfin dabbar teku ce mai siffar kifi, amma tana shaƙar iska, tana shayar da ɗanta, tana kuwa da wayon da har akan koya mata tsalle da gaisuwa. A irin waɗannan gidaje, wanda ya ƙara kuɗi akan bar shi ya matso ya shafa ta, a ɗauke su hoto. A 2021 majalisar Faransa ta yi dokar da ta yanka wa wannan wasa wa'adi. Ƴan kallo ma sun riga sun ragu ƙwarai, gama iyaye da yawa sun soma tambayar kansu ko ya cancanta a zuba dukiya domin ganin dabbar da ta saba ratsa teku, ga ta a tsare cikin kwamin siminti.

Damargu ba ta san teku ba, amma ta san wannan tambaya. In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, magidancin Tanut ko Belbeji ya sami ɗan abin hannu, sai yara su tasa shi gaba suna son ganin dabbobin da suke ji cikin tatsuniya da littafin lakwal.

Mafi sauƙin kallo shi ne na gardawa, in sun ratso ranar kasuwa da kura da gwaggon biri da mesa, ana kiɗa, ana sayar da magani. Kuɗin kaɗan ne, kusancin kuwa ba a magana. Sai dai abin da yaro ya gani kura ce mai takunkumi da sarƙa, dabbar dare ana jan ta da rana tsaka. Ya ga jikinta, bai ga halinta ba. Kowace dala da aka jefa kuma, ita ke sa gobe a koma rami a ɗauko wata.

Akwai kuma gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yau yana ɗauke da sunan Bubu Hama. Can akwai zaki da dorina da kada, da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka tono a hamadar Agadas, da gangar itacen nan na Tenere da mota ta kayar a 1973. Kuɗin ƙofa ba shi ne abin tsoro ba, hanya ce: daga Tanut zuwa Yamai ya ɗara kilomita 1000, ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci. Wanda wata hidima ta kai shi birni tare da ɗansa, kada ya komo bai shiga ba. Amma a sayar da rago domin wannan kaɗai, an yi tsada.

Abin mamaki, kallon da ya fi duka yana nan kusa, ba kuwa kowa ya san da shi ba. Yamma da Belbeji, cikin jihar Maradi, akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, mai faɗin hekta 76,000. Wannan yanki duka ƙasar raƙumin dawa ce a da. Bature Barth, da ya gangaro daga Abzin zuwa Damargu a farkon 1851, ya ambaci dajin da ya ratsa a matsayin mazaunin raƙuman dawa. Farauta da farin shekarun 1970 suka share su, har ya zamana a 1996 abin da ya rage a Afirka ta Yamma duka bai wuce 50 ba, suna kiwo wajen Kure, gabas da Yamai. Da gwamnati da ƙungiyoyi da talakawan wurin suka tashi tsaye, sai garken ya farfaɗo, ya haura 600. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko 8 cikin manyan motoci, aka yi tafiyar kilomita 800 da su zuwa Gadabeji. A 2022 aka ƙaro 4. Har sun soma haihuwa a can.

Mai zuwa Gadabeji ba ya sayen tabbaci. Babu keji, babu sa'ar wasa. Yana iya yin yini yana bin sawu cikin rairayi kafin ya hangi wuya ya zarce kan ƙaya, ba kuma za a bar shi ya shafa ba. Amma abin da zai gani dabba ce cikin halinta, tana tsinkar ganye da dogon harshe, tana tafiya ƙafafun gefe ɗaya suna ɗagawa tare, ga shanun makiyaya suna kiwo nesa kaɗan. Kuɗinsa kuma a ƙasar za su tsaya, wurin ɗan jagora da mai mota da mai shayi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Kure raƙuman dawa na cin waken manoma, abin da ya sa aka daure musu kuwa shi ne amfanin da suka jawo: aikin jagora, da rance ga mata, da rijiyoyi. Harin 9 ga watan Agusta na 2020, wanda ya halaka Faransawa 6 da ƴan ƙasa 2, ya kori baƙin waje daga can. Saboda haka kuɗin ɗan ƙasa sun ƙara nauyi.

Mai niyya sai ya fara neman ma'aikatan gandun daji, su ba shi izini da labarin hanya da na tsaro, gama ba a shiga gandu kai tsaye. Hanyar rairayi ce, ƙaramar mota ba ta iya ta, shi ya sa gidaje uku ko huɗu su haɗa kuɗin mota guda, ko kuwa shugaban lakwal ya nemi taimakon magajin gari domin ƴan aji. Lokacin ɗari ya fi, kuma a isa da sassafe, kafin rana ta kora dabbobi inuwa.