Adashen lafiya: mu yi rajista tun muna da lafiya

A tungayen bakin tafkin Kainji, daga Yauri zuwa Wara, ciwo kan zo da asara biyu. Yaro ya kwana da zazzaɓi, uba ya kwana yana lissafin abin da zai sayar: buhun shinkafa, ko koma, ko akuyar uwargida. Kafin kuɗi su haɗu, jinin yaron ya ƙare.

Don rufe wannan ɓaraka gwamnatin Kebbi ta yi doka, a zamanin Gwamna Atiku Bagudu, ta kafa hukumar KECHEMA mai kula da inshorar lafiya. Kada kalmar inshora ta ba mu tsoro. Adashe ne: kowa ya zuba kaɗan yana da lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun. A 2022 dokar tarayya ta wajabta irin wannan tsari a kan kowane ɗan Najeriya.

To, wanda ba shi da abin zubi fa? Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin lafiya a matakin farko. Daga ciki ake biya wa marasa ƙarfi, musamman masu juna biyu, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman. Haƙƙi ne, ba alfarma ba, amma sai wanda sunansa ke cikin rajista yake cin moriyarsa. Nan ne da yawanmu muka yi sake, don ba mu sani ba.

Batun zazzaɓi kuwa, mu mazauna bakin ruwa ya fi shafa. Binciken ƙasa na 2021 ya samu ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Kebbi, fiye da kowace jiha. Shi ya sa a Disamban 2024 aka fara allurar rigakafinsa da Kebbi da Bayelsa. Kyauta ce, sau huɗu: a wata biyar, shida, bakwai, sai sha biyar. Ta huɗun ce ake yawan mantawa, alhali ita ke ƙarfafa kariyar.

Saboda haka, ranar kasuwa mai zuwa, a Shanga kake ko a Ngaski, ka biya ta asibitin mazaɓarku da lambar katin ɗan ƙasa, ka tambayi yadda ake rajista. Ke kuma uwa, ki ɗauko katin rigakafin yaronki, ma'aikaciyar lafiya ta duba miki allura nawa ta rage.