Ɓawon Cakulan: Abinci ne ko Kayan Kwaɗayi?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani kayan maƙulashe da ake yi a gida, mai suna ɓawon cakulan. Ya sami wannan suna ne domin idan aka kakkarya shi yakan yi kama da ɓawon itace. Da baƙin cakulan ake yin sa, musamman wanda kashi 70 cikin 100 nasa ko fiye daga 'ya'yan koko ne. Kokon da ake nufi ba na gero ba ne. Itace ne wanda asalinsa Kudancin Amurka, amma a yau Kwaddibuwa da Gana suka fi kowa noma shi. Dangin goro ne, kuma dukkansu biyu suna ɗauke da kafin da tiyobiromin, sinadarai masu wartsakar da jiki.

Ana narkar da cakulan a kwanon da aka ɗora bisa tukunyar ruwan zafi, har ya kai digiri 45 a ma'aunin Salshiyas. Lalle ne a kiyaye kada ruwa ya ɗiga ciki, domin nan take zai dunƙule. Daga nan sai a bar shi ya huce zuwa digiri 27, a sake ɗumama shi zuwa 31. Wannan shi ke sa man koko ya daskare da ƙyalli da ƙwari. Sai a shimfiɗa shi a faranti, a barbaɗa masa soyayyar gyaɗa ko riɗi ko zabibi. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, alhali zafin jikin mutum 37 ne. Shi ya sa yake narkewa a baki, kuma ba ya jure zafin bazara sai a firiji.

Giram 100 na baƙin cakulan yana da kimanin miligiram 12 na sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata, da miligiram 230 na maganisiyam, mai taimakon tsoka da jijiya. Gyaɗa da riɗi kuwa suna ƙara masa furotin.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Wannan giram 100 yana ɗauke da kalori wajen 600, da mai giram 43, da sukari giram 24. Wato ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na kuzarin da baligi yake bukata a yini. Saboda haka gutsure na giram 25 ya wadatar, kuma mai ciwon sukari ya fara neman shawarar likita. Ɓawon cakulan ya fi alewa amfani, amma ba magani ba ne, kuma ba ya maye gurbin wake da zogale.