Yadda Ake Kiran Dangi a Aisilan

A garin Ɗansoshiya na ƙasar Kiru, ko a Bebeji, ko Tudun Wada, ko Doguwa, in yaro ya ce "uwana" ko "ubata", nan da nan 'yan'uwansa za su fashe da dariya. Gama kowa ya san "ubana" ake cewa, da "uwata". Namiji shi ke da "na", mace ita ke da "ta". Wannan bambanci shi malaman nahawu ke kira jinsi. Ba Hausa kaɗai ke da shi ba, har a ƙasashe masu nisa ana samunsa.

Can a arewacin tekun Atilantika akwai wani tsibiri mai tsananin sanyi, sunansa Aisilan. Babban birninsa Reykjavík, mutanensa kuwa wajen 400,000 ne. Kakanninsu na farko sun zo daga Norwe wajen shekarar 874, harshensu kuma bai sāke da yawa ba tun daga wancan zamani.

A harshensu, uba shi ne faðir, uwa kuwa móðir. Harafin nan ð ana furta shi kamar zal na Larabci, wanda kowane ɗan makarantar allo ya sani. Ɗa sonur, 'ya kuma dóttir. Bahaushe kalma guda gare shi ta kaka, amma su sun raba: afi namiji, amma mace. A wani wurin kuma Hausa ce ta fi rarrabewa. Bahaushe yana da wa da ƙane, da ya da ƙanwa, su kuwa bróðir da systir kawai gare su, sai sun ƙara wata kalma kafin a gane wane ne babba.

Sukan haɗa kalmomi biyu su zama ɗaya. Kawu shi ne móðurbróðir, watau ɗan'uwan uwa. Baffa föðurbróðir, gwaggo kuwa föðursystir. Sai a lura yadda faðir ya koma föður da aka jingina masa wani abu, gama suna a harshensu yana sāke kama bisa aikin da yake yi cikin jimla.

To, ga inda abin mamaki yake. Hausa jinsi biyu gare ta, harshen Aisilan kuwa uku: namiji, da tamace, da wanda ba namiji ba mace. Kalmar barn, watau yaro ƙarami, tana cikin na ukun nan. Saboda haka "nawa" iri uku ne: faðir minn, ubana, móðir mín, uwata, barnið mitt, yarona. Siffa ma haka take bin mai ita. Kamar yadda Bahaushe ke cewa uba nagari ne, uwa tagari ce, su ma góður suke cewa ga uba, góð ga uwa, gott ga yaro.

Har wa yau sunayensu sun yi kama da na ƙasar Hausa. A nan ana cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da Nana Asma'u 'yar Shehu. A can ma yawancin mutane da sunan uba ake kiransu, sai dai "ɗan" da "'yar" a ƙarshe suke zuwa. In sunan uba Jón, ɗansa zai zama Jónsson, 'yarsa Jónsdóttir. Leifur Eiríksson, wanda ya kai gaɓar Amurka ta Arewa da jirgin ruwa wajen shekarar 1000, ɗan Eiríkur ke nan. Vigdís Finnbogadóttir, wadda ta shugabanci ƙasar daga 1980 zuwa 1996, 'yar Finnbogi ce. Mace in ta yi aure ba ta barin sunan ubanta, don haka a gida ɗaya sai a iske miji da mata da ɗa da 'ya kowa da nasa sunan na biyu.

Yaron da bai san dalilin "na" da "ta" a harshen iyayensa ba, in ya gamu da minn da mín zai ɗimauce, kamar yadda zai ɗimauce a kan Larabci ko Faransanci, gama su ma suna da jinsi. Amma wanda ya kula da nahawun Hausa tun yana ƙarami ya riga ya ci rabin tafiya. Masu iya magana sun ce, da na gaba ake gane zurfin ruwa, harshen gida kuwa shi ne na gaba ga duk mai neman koyon wani harshe.

Tambayoyi

1. Jinsi nawa Hausa take da su, nawa kuma harshen Aisilan yake da su?
2. Yaya ake cewa "uwata" a harshen Aisilan?
3. In sunan uba Jón, yaya za a kira 'yarsa?
4. A rubuta sunayen dangi biyar da Hausa, a jingina wa kowane "na" ko "ta".