Hannun da ke mutuwa da dare

A Dogo, mai daka ko mai saƙar tabarma takan farka tsakar dare tana yarfe hannu: babban yatsa, manuni da na tsakiya sun mutu, ƙaramin kuwa lafiya lau. Wata jijiya ce ta matsu a wuyan hannu. Masu ciki da masu ciwon sukari sun fi fama.

Kafin tiyata, likita kan ɗaure wuyan hannun ya kwana a miƙe. Hasken leza da filasta mai talewa, wadda Kenzo Kase ya ƙirƙiro a Japan a shekarun 1970, na iya rage zafi, amma ni ban ɗauke su waraka ba. Yaya, in naman gindin babban yatsanki ya fara zubewa, nufi babban asibitin Damagaram.