Motar Tsere Ta Hannu: Ina Littafin Gyaranta?

Duk wanda ya sayi motar tsere ta hannu a Kumbotso, ranar da ta fara tari zai san abin da ya saya. Makanikan Kano gwanaye ne a kan Toyota da Peugeot 504, wadda kamfanin PAN, da aka buɗe a Kaduna a 1975, ya daɗe yana harhaɗawa. Amma baƙuwar mota sai lalube, ana sauya kayan da ba su lalace ba, mai mota yana biya.

Littafin gyara ke hana wannan asara. Wanda ya fi shahara, na kamfanin Haynes na Ingila, daga irin wannan mota ya samo asali. A 1965, a birnin Aden, John Haynes ya taya wani abokin aikinsa na soja kwance tsohuwar Austin-Healey Sprite, yana ɗaukar hoton kowane mataki, littafin kuwa ya fito a 1966. A ƙarshen 2020 kamfanin ya ba da sanarwar cewa sababbin littattafansa sai ta intanet.

Kafin a nemi littafi, ko a nufi kasuwar Ƙofar Ruwa sayen kaya, a kwafo lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, domin ita ke bambance wannan samfuri da wancan.

Sai dai littafin bai san hanyoyin gonakin rani na Kura da Bunkure ba. Motar tsere gajera ce, cikinta ke fara dukan ƙasa. Wannan shawarar wajen direbobin yankin ake samunta.