Gilashin ƙofar tsohuwar mota: araha ba ta ado

Duk wanda ya ratsa gareji-garejin Maraɗi ko Damagaram, ko ya bi unguwannin Yamai da Tawa, ba zai rasa ganin tsohuwar Peugeot a ƙarƙashin inuwa ba, wata tana aiki, wata kuma mai ita ya adana ta don tunawa da mahaifinsa. Sau da yawa za ka tarar injin lafiya lau, amma tagar ƙofa ɗaya an toshe ta da kwali ko leda. Dutsen yara ne ya same ta, ko ɓarawo, ko kuma an buga ƙofar da ƙarfi alhali gilashin ya riga ya saki daga mazauninsa. A nan ne mai mota yake shiga tsaka mai wuya, domin abin da zai sa a gurbin wanda ya fashe yana iya zama sanadin tsira ko sanadin rauni ga iyalinsa.

Waɗannan motoci suna da tarihi a ƙasarmu. An fito da Peugeot 404 a Faransa cikin 1960, aka bi ta da 504 cikin 1968. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 404 a 1975, ta 504 kuwa a 1983. Amma masana'antar Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa 504 har bayan shekara ta 2000. Shi ya sa fatake da ma'aikatan gwamnati suka daɗe suna samun kayan gyaranta ba tare da wahala ba, ko da bayan karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994, lokacin da kayan Turai suka yi tsada. Yau an daina ƙera su ko'ina, kuma gilashinsu yana ƙara wuyar samu kowace shekara.

Idan mai mota ya gaji da nema, sai wani ya ba shi shawarar zuwa wurin masu yanka gilashin tagogin gida. Za su auna, su yanka, su goge baki, a kan kuɗi kaɗan. Da yake tsofaffin motoci da dama gilashin ƙofarsu a miƙe yake ba lanƙwasa, yankakken yakan zauna daidai, har mutum ya ɗauka ya ci riba. To, a nan haɗarin yake.

Gilashin ƙofar mota gasasshe ne. Bayan an yanka shi, ana zafafa shi fiye da digiri 600, sa'an nan a busa masa iska mai sanyi farat ɗaya. Wannan yana sa ya fi na gida ƙarfi ninki huɗu zuwa biyar, kuma ran da ya fashe, sai ya wargaje ya zama ƙananan tsakuwoyi marasa kaifi sosai. Kamfanin Saint-Gobain na Faransa ya yi suna da irinsa mai tambarin Sécurit tun 1929. Na gida kuwa in ya fashe, dogayen ɓaraguzai yake bayarwa masu kaifin wuƙa, kuma daidai wuya da fuskar mai zama kusa da ƙofa suke. A hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi, tsakuwa ɗaya da babbar mota ta harbo ta isa ta jawo wannan masifa. Haka nan, gasasshen gilashi ba ya yankuwa. Duk wanda ya ce maka zai rage na wata mota ya daidaita shi da taka, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa abin da ke hannunsa ba na mota ba ne.

Yaya mai saye zai gane na ƙwarai? Ya dubi kusurwar gilashin: na mota yana ɗauke da tambarin masana'anta wanda ba ya gogewa da farce. A kan da yawa daga cikinsu akwai harafin E cikin da'ira tare da lamba. 2 tana nufin Faransa ce ta amince da shi, 1 kuwa Jamus. Ya shafa bakinsa, zai ji shi sumul a zagaye. Ya ɗaga shi cikin hasken rana ya duba zurfin ƙarce, domin yashi yakan cinye gilashi har direba ya kasa ganin gefe da dare. Mafi yawan abin da ake samu yanzu daga matattun motoci ake ciro shi, a wurare irin kasuwar Katako ta Yamai, ko wurin ƴan kayan gyara da ke sarowa daga Kano da Kaduna. Kafin a biya, a tabbatar da ɓangaren: na dama ba ya shiga hagu, kuma na ƙofar baya ta ƙaramar 504 ya sha bamban da na doguwa mai ɗaukar iyali. In da hali, a tafi da motar, ko a zana siffar na ɗaya ɓangaren a kwali.

Sa shi aikin haƙuri ne. Bakanike zai fara cire hannun da ake murɗawa a ɗaga gilashi, da mariƙin ƙofa, sa'an nan ya ɓamɓare marfin ciki a hankali, gama maƙalansa sun tsufa, suna karyewa da sauƙi. Bayan marfin akwai leda mai tare ruwa da ƙura. Kada a yar da ita. Daga nan sai a kwashe tsakuwoyin gilashin da suka zube cikin ƙofar, ɗaya bayan ɗaya. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, alhali kuwa su ne ke toshe ƴan ramukan ƙasan ƙofa da ruwan damina ke fita ta ciki, sai tsatsa ta ci ƙofar daga ciki.

A gindin tsohon gilashin akwai wani siririn ƙarfe da ke riƙe shi cikin roba, shi ne yake haɗuwa da na'urar ɗagawa. A kankare shi, a sa sabuwar roba, a zaunar da shi a gindin sabon gilashin daidai inda na da yake. Ba a buga masa guduma ta ƙarfe, domin rauninsa a bakinsa yake. Ƙaramin bugu a nan ya isa ya wargaza shi. Sai a karkata shi a zura ta saman ƙofa, a sa shi cikin hanyoyinsa biyu, a ɗaura ƙusoshi sako-sako. A ɗaga, a sauke, sau da yawa, har a ga yana tafiya ba tare da cijewa ba, sa'an nan a ɗaure tamau. A wanke haƙoran na'urar daga tsohon maiƙo da ya cakuɗe da ƙurar hunturu, a shafa sabo.

Abu na ƙarshe da masu mota ke yawan mantawa shi ne robobin da gilashin ke bi ta cikinsu. Zafin bazara yana busar da su, su tsattsage, ƙarfe ya fito fili. Sabon gilashi cikin mataccen roba zai yi ta kaɗawa a kan hanya mai gargada har ya bi sawun na farko. Idan ba a samu na ainihi ba, akwai robobin da ake sayarwa da awo, ana yankawa daidai tsawon ƙofa.

Wanda bai samu gilashin nan da nan ba, gara ya sa farar roba mai kauri da ake gani ta cikinta, ya yi haƙuri da ita har Allah ya kawo na ƙwarai, ko da yake tana ƙarcewa, tana dushewa a rana. Motar da ta yi shekara 40 tana kai yara makaranta, tana kai kaya kasuwa, ta cancanci a jira mata mako biyu ko uku. Mai zama kusa da wannan ƙofa kuwa, ɗanka ne ko matarka ko abokin cinikinka. Allah ya kiyaye hanya.