Wuƙar aljihu mai naɗewa: abin dubawa kafin a saya

Wuƙar da maƙeri ke ƙerawa ƙarfe ɗaya ne tun daga tsini har cikin mariƙi, shi ya sa da wuya ta ba mai ita kunya. Wuƙa mai naɗewa kuwa kashi biyu ce, ruwa da mariƙi, waɗanda ƙusa ɗaya ta haɗa. A wannan mahaɗa ƙarfinta yake, domin idan ruwan ya rufe ana tsakiyar aiki, kan yatsun mai ita zai sauka.

Masana'antu sun bi hanyoyi daban-daban don hana faruwar haka. Hanya ta farko ita ce sifirin mai tauri da ke danne gindin ruwan. Irinta ce Douk-Douk, wadda kamfanin Cognet ke ƙerawa a garin Thiers na Faransa tun 1929. Sassanta shida ne kacal, mariƙinta kuma fallen ƙarfe ne da aka ninke. An yi ta ne domin kasuwar tsibiran tekun Pasifik, amma a Afirka ta fi karɓuwa, har aka fitar da samfurin El Baraka mai ɗauke da zanen tambarin Agadez. Sai dai ba ta da makulli, saboda haka ba ta dace da huda abu mai tauri ba.

Hanya ta biyu zobe ne. Opinel, wadda Joseph Opinel ya fara ƙerawa a yankin Savoie a 1890, ta samu zoben ƙarfe a wuyanta a 1955. Idan aka buɗe ruwan aka murza zoben, ba zai rufe ba sai an mayar da shi. Lamba 8, wadda aka fi sani, tsawon ruwanta santimita 8.5 ne, mariƙinta na itace. Idan itacen ya sha ruwa yakan kumbura, buɗewa ta yi wuya.

Hanya ta uku ƙugiya ce a bayan mariƙi, mai faɗawa cikin wani gurbi a gindin ruwan. Wuƙar Buck 110 ta Amurka, wadda ta shiga kasuwa a 1964, ita ta yayata wannan tsari. Ta fi sauran nauyi, kusan giram 200, amma ta fi jure aikin ƙarfi.

Bayan makulli sai irin ƙarfen. Baƙin ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi a dutse, amma yana tsatsa idan ba a goge shi an shafa masa mai ba, musamman da damina. Farin ƙarfe ba ya saurin tsatsa, sai dai wasa shi ya ɗan fi cin lokaci.

Da yake jabu na yawo a kasuwanni, suna a jikin wuƙa bai isa shaida ba. Mai saye ya buɗe ta, ya girgiza ruwan hagu da dama. Idan yana rawa, mahaɗar ba ta da ƙwari. Ya kuma danna bayan ruwan a hankali, yatsunsa a gefe, ya ga ko makullin zai saki. Matafiyi ya tuna cewa ba a shiga jirgin sama da irin wannan wuƙa a jakar hannu, kuma a Faransa doka ta hana yawo da ita ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba.